Abin da Na Yanka Ranar da Uwarku Ta Rasu

Ku ƴaƴana, na san abin da ake faɗa a kaina a Dungas, kuma na san kun sani. Ana cewa ranar da uwarku ta rasu, an gama yi mata wanka tana kwance a ɗaki, mutane sun cika ƙofar gida suna jiran a yi mata sallah, ni kuwa Ilu kafinta na shige rumfata na tada gurup, injin ba da wutar lantarki, na kama yankan katako. Wannan gaskiya ne, na yi. Ana cewa na tsayar da jana'iza tun hantsi har rana ta kusa tsakiya, alhali damina ce, kowa ya baro gonarsa. Wannan ma gaskiya ne. Sannan ana cewa na yi haka ne don in yi tallar sabon zartona, tunda ba wata ranar da zan sake tara jama'a irin wannan a ƙofata. A kan wannan maganar ta ƙarshe na zauna zan rubuta. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, hannuna ya fi sabawa da alli a kan katako, saboda haka zan tafi a hankali, in ajiye kowace magana a inda take. Allah ya san abin da na faɗa a wancan lokacin da abin da na haɗiye.

Sai in fara da itacen. Uwarku ta gaji gona daga mahaifinta a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, a tsakiyarta akwai tsohuwar ƙirya wadda ta girmi duk wanda ke noman wurin. Wata shekara iskar farkon damina ta kwantar da ita. Na je na kira ma'aikatan gandun daji, suka gani da idonsu cewa faɗuwa ta yi ba sara aka yi ba, suka ba ni izini. Na ɗauko wani mai injin sarƙa daga tsallaken iyaka ya tsaga mini gindin. Kun san ƙirya, itacen turmi ne, gara ba ta son ta, ruwa ba ya cin ta da wuri, kuma ba ta jin tausayin ƙarfe. Abin da mutumin ya fitar ba katako ba ne irin wanda ake saye a kasuwa. Fallaye ne masu kauri, wani gefen da ɓawonsa, wani gefen ya tafi a karkace, nan tudu can kwari, babu guda biyu da za ka jera su bakinsu ya haɗu. Na kwaso su a amalanke, na jera su a bayan rumfa, na sa ƴan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Niyyata in yi ƙofofi. Duk lokacin da na kawo maganar sai uwarku ta ce in bar su tukuna, ai ba gudu za su yi ba. Itacenta ne, na bari.

Ku kun san ta a matsayin uwa. Unguwa kuma ta san ta da wani aikin. Ita ce mai yi wa mata wanka in sun rasu, kuma tun kafin rai ya fita ake aikowa a kira ta. Takan zauna a gefen tabarmar tsohuwa ta riƙe hannunta. Na sha jin ta ta bayan zana tana cewa, “Kwantar da hankalinki, Iya. Ƙasar nan da kika noma tun kina yarinya ita za ta rufe ki, ba baƙuwa ba ce.” Tsofaffi da yawa sun cika da wannan maganar a kunnensu, waɗanda suka rage kuma suna jiran ranar da za ta faɗa musu ita. Ba wanda ya taɓa ganin hannunta ya yi rawa.

Zarton kuwa yayanku ne ya kawo shi. Ɗan farina ne, ba na kiran sunansa, haka aka tashe mu, kuma ban taɓa zama da shi hira ba. Ya tafi Aljeriya ya yi shekaru a shagon wani mai yin kujeru da kabad. Wata babbar Sallah ya dawo da doguwar jaka. Ya buɗe ta a rumfa, sai ga wani farin ƙarfe mai faɗi, shafal, gida biyu, in an haɗa shi ya fi tsayin mutum, ga kuma zarton lantarki wanda ake ɗorawa a kansa ya riƙa tafiya ba ya kaucewa. Nomau, taubashina, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, yana zaune a kan benci ya ce:

“Kai, bawana, ɗan naka layin dogo ya kawo mana? To ina jirgin? Ko kai za mu hau?”

Tun daga ranar muke ce masa zarto mai layi. Ku da ba aikinku ba ne, bari in gaya muku amfaninsa, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane sauran ba. Katakon da bai da gefe ko ɗaya miƙaƙƙe ba ya shiga injin tebur, domin injin yana bin gefen da ka jingina masa ne, in gefen ya karkace yankan ma ya karkace. Yadda muka gada shi ne a shafa wa igiya gawayi, a ja ta, a ɗalle ta a kan katakon, a bi zanen da zarton hannu. A farin katako wannan aikin safiya ne. A ƙirya kuwa sai ka wuni a falle ɗaya, kuma duk gwanintarka hannu sai ya ɗan yi lilo. Shi wannan layin ba ruwansa da karkatar katakon. Inda ka shimfiɗa shi nan zarton zai bi. Yayanku ya yi kwanaki yana nuna mini. Ya ce a fara share yashi da tsintsiya, don yashi shi ke kashe haƙoran. A saƙa guntaye a ƙarƙashin katakon har ya daina rawa. A cusa wasu a ƙarƙashin layin duk inda katakon ya yi kwari, a matse kai da gindi da matsi, domin robar da ke ƙasan layin ba ta kama katako mai kaushi. Kada a ce za a huda kaurin gaba ɗaya, a bi sama-sama, a dawo a ƙara zurfi. In an yi nisa a kafa ɗan itace mai tsini a cikin tsagar, kada katakon ya rufe ya cije faifan da ke yankan, zarton ya yi tsalle ya dawo kan mutum. Na ɗauka na danna da ƙarfin da na saba, sai ya dafa hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun yana ƙarami.

“Baba, kar ka tura shi. Ka bar shi ya ci da kansa.”

A tsawon rayuwata da shi, waɗannan kwanakin ne muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka yi doguwar magana, ko da yake dukanmu katakon muke kallo. Uwarku takan leƙo daga ƙofar gida ta koma.

Bayan ya koma, wata rana da la'asar ina haɗa saman wani tebur, na gyara bakin katako biyu na jera su. Uwarku ta shigo rumfa, abin da ba ta cika yi ba. Ta bi haɗin da yatsa. Sai ta duƙa ta ɗebi yashi cike da hannu ta zuba a kan haɗin, ta baza shi, ta leƙa ƙarƙashin teburin. Ko ƙwaya ba ta sauka ba. Ta daɗe a duƙe.

“Malam, ƙirya ma zai iya yi mata haka?”

Na ce zai iya, sai dai a hankali. Ta zauna a kan buhun garin katako, ta ja mayafinta, ta ba ni labarin da muka yi shekaru tare ban taɓa ji ba. Ta ce tana budurwa mahaifiyarta ta rasu da damina. Ƙasar ƙauyensu rairayi ce zalla. An rufe ramin ciki da rassan itace kamar yadda ake yi, an sa ganye, an sa laka. Bayan kwanaki aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe ta bi ta gefen maƙabarta za ta gona, sai ta ga kabarin ya rufta, rassan sun buɗe, yashi ya zuba ciki, ta hangi farin likkafani daga wajen kai. Ta ruga ta gaya wa maza suka gyara. Ba ta gaya wa kowa ta leƙa ba. Ta ce tun ranar, duk matar da ta wanke, in ta zo rufe fuskar sai ta tuna. Ta ce ta san gawa ba ta jin yashi, malamai sun faɗa, ita ma tana faɗa wa mutane, kuma ta yarda. Amma zuciyarta ta ƙi.

“Ina son ka rufe ni da ƙiryar gonarmu, bakinta a haɗe kamar wannan.”

Na ce, “Wa ya gaya miki ni zan rufe ki? Ke za ki riga ki ga tawa.”

“Mata ba sa zuwa kabari, Malam. Kar ka guje wa aiki.”

Ta yi ƴar dariya, sannan fuskarta ta koma. Ta ce kada in yanka tana da rai, domin in ta ji ƙarar zarton a kan ƙiryar ta san na mene ne, abinci ba zai ƙara zama a cikinta ba. Ta ce kuma kada a ji cewa ita ta ce. Na tambaye ta dalili, ai wasiyya ba abin kunya ba ce. Ta ce in tsofaffin unguwa suka ji mai riƙe hannunsu ita ma tsoron ƙasa take, da me za su cika? Kuma za a ce matar da ta wanke rabin garin imaninta bai kai ba, ta nemi a yi mata abin da ba a yi wa kowa. Ta ce in na tsufa, na ji ƙafata ta fara ja, to in gaya wa ƴaƴanta, su kaɗai. Na ce na ɗauka. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta ta ce tuwo na kan wuta.

Shekaru suka shige, ba mu sake maganar ba. Ciwon da ya ɗauke ta bai ba mu lokaci ba. Mun kai ta likita a Magariya, suka riƙe ta kwanaki, suka ce mu dawo gida. Ta cika bayan sallar asuba, lokacin noman farko, ƙasa a jiƙe. Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru, masu haƙa sun tafi, wasu sun saro rassan darbejiya sun jibge a ƙofar gida. Yayanta, kawunku Alhaji Mamman, ya iso daga Magariya da motarsa. Na je wajen liman na durƙusa na ce ina roƙon a ɗan saurara mini, itacen rufi ni zan kawo. Ya ce ai an riga an saro. Na ce ba da wannan za a rufe ta ba. Ya dube ni, ya ce:

“Kar ka daɗe, Ilu. Mutane sun baro gonaki.”

Babu kuran, wato wutar lantarki, a garin tun ruwan jiya. Da akwai, da ƙarar zarton kaɗai za a ji. Na ja igiyar gurup ya tashi, kuma na san yadda ƙarar ta faɗa a kan gidan, domin ina ji matan da ke salati a ciki suka yi tsit. Rabi, ke kika fito da gudu, idonki jawur, kika ce, “Baba, lafiya?” Na ce ki koma ciki. Na san kin riƙe wannan, ban mance ba. Ina jan falle na farko ni kaɗai yana neman kayar da ni, sai ga Nomau yana tuɓe riga. Bai tambaye ni komai ba.

“Bawana, in ma haukan ne ya tashi, ba zan bar ka ka yi shi kai kaɗai ba. Ina zan riƙe?”

Muka share yashin shekaru daga kan katakon. Muka saƙa guntaye, muka shimfiɗa layi, muka matse. Ƙiryar ta bushe ta zama kamar dutse. Zarton yana shiga yana kuka, garin yana fitowa ja, sai na bi sama-sama in dawo in ƙara zurfi, gefe ɗaya ya miƙe, mu kwance matsi mu juya mu yi ɗayan, sannan mu gutsuttsura daidai faɗin ramin. Ba hanyar da za a gajarta. Kowane falle sai an yi masa nasa saƙe-saƙen domin karkatarsa daban. Ina jin mutane sun baro tabarmi sun zagaye rumfar. Wani yana cewa a yi sauri, wani yana cewa lahaula. Da na tura zarton da ya cije, ya ƙone, ko ya dawo kan cinyata, a rufe mutum biyu. Ina tsakiyar yanka kawunku ya tsaya a bakin rumfa, babbar rigarsa ta tare haske.

“Ilu! Gawa ce a ɗaki ko kwangila?”

Ban ɗago ba. Ba raini ba ne. In ka tsaya a tsakiyar ƙirya katakon yana rufe bakinsa a kan faifan, kuma inda ka tsaya sai ya bar tudu, haɗin ba zai zauna ba. Na kai ƙarshen layin, sannan na ɗaga zarton na ce masa itacen rufi ne, Alhaji.

“Itacen rufi? Akwati za ka yi wa ƙanwata irin na Nasara?”

Na ce ba akwati ba ne, rufi ne kamar na kowa, sai dai bakinsa zai haɗu.

“Wa ya sa ka? Ita ta ce?”

Ƴaƴana, a nan ne komai ya tsaya. Da na ce i, da shi ke nan. Ba Musulmin da zai ja da wasiyya, da kowa ya koma tabarmarsa, da har an tausaya mini. Amma a bayan kawunku akwai zanar gidanmu, kuma ina ganin ƙafafun mata a ƙarƙashinta, har da na tsofaffin da take zuwa dubawa da kunu. Kuma na san kawunku. Da kafin la'asar an ji a Magariya cewa mai wankan gawa ta mutu tana tsoron kabari. Tana kwance a ɗaki, ba ta da bakin da za ta kare kanta. Na ce:

“Ni na ga dama.”

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. “Kun ji ko? Shi ya ga dama.”

Wani daga cikin mutanensa ya nufi gurup zai kashe. Nomau ya saki katakon ya tare shi, tsoho da shi, ƙirji a waje, garin katako har gira.

“Wanda ya taɓa injin nan sai ya fara binne ni. Kuma ni da nauyi, ku tambayi jakina.”

Ba wanda ya yi dariya, amma mutumin ya ja da baya. Muka gama. Aka yi mata sallah, aka kai ta. Ni na shiga ramin na jera katakon ɗaya bayan ɗaya, kowane ya zauna jikin ɗan'uwansa. Kafin a miƙo laka, sai na ɗebi yashi cike da hannu na zuba a kan haɗin na baza, kamar yadda ta yi a kan teburin nan. Ya tsaya a sama. Ban san na yi a gaban mutane ba, ita nake nuna wa. Wannan shi ne abin da aka ɗauka aka yi ta yawo da shi: wai har gwaji na yi wa jama'a a bakin kabari don su ga kyan aikin injina.

Kawunku bai jira an watse ba ya kira Aljeriya. Ranar sadakar uku waya ta yi ƙara a aljihuna, na fita bayan gida na ɗauka. Yayanku bai yi mini gaisuwa ba.

“Baba, da gaske ne ka tsayar da gawar Inna kana yankan katako?”

Na ce da gaske ne.

“Da gaske ne an tambaye ka, ka ce kai ka ga dama?”

Na ce haka na ce.

“Da zarton da na kawo?”

Na ce da shi. Sai wayar ta mutu. Muryarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Yana yi muku aike, na sani, kuna ɓoye mini don kada in ji ciwo. Ya yi aure a can, a bakin mutane na ji. Ya taɓa zuwa har Magariya ya sauka gidan kawunku ya koma, bai ƙaraso Dungas ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya gaya mini, yana zaton na sani, har yana yi mini barka da zuwan baƙo.

Ba a yi arba'in ba wani mai hali ya aiko wai in yanka wa mahaifinsa irin na matata, tsohon yana kwance. Na ce ba na yi. Sai aka ce ina ja ne don abin ya yi tsada. Da na karɓa da an ce ga shi, tallar ta ci. Na goge zarton na shafa masa mai na mayar da shi jakarsa, kuma tun ranar ban sake yanka wa kowa komai da shi ba. Na koma igiya da gawayi, da tsufana, ayyukan da na saba samu suka koma wajen wasu. Wannan ma an ce kunya ce ta kama ni.

Ban ce mutanen da suka baro gonakinsu ba su da gaskiya ba. Rana ɗaya ta noman farko ba ƙaramin abu ba ce, na ci musu rabinta, kuma gaggauta gawa shi ne abin da aka umarce mu. Da wannan suka riƙe da na sunkuyar da kai. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne tallar. A garin nan aka haife ni. Makarar da aka ɗauki uwarku a kanta ni na yi ta, ni nake gyara ta duk lokacin da ƙafarta ta saki, ban taɓa sa wani ya gode mini ba. Ƙofofin da suke rufewa su kwana ni na rataya su. Sun ga yadda na zauna da matar nan tun muna da ƙuruciya, ba a taɓa jin kanmu ba. Duk wannan bai isa a ce, bari dai, mutumin nan ba ya haka, akwai abin da ba mu sani ba. Safiya ɗaya ta shafe shi. Ko mutum ɗaya bai zo ya zauna a bencina bayan an watse ya ce, Ilu, me ya faru? Ba zan faɗa ba ko da ya zo, amma da na san an tambaya. Nomau kaɗai ne bai tambaya ba don ba ya buƙata. Kawunku kuwa, wanda ya san ɗan nan yana can cikin baƙin mutane shi kaɗai, uwarsa ta mutu bai gan ta ba, bai sami abin da zai ba shi ya riƙe ba sai wannan. Yana raye, kawunku ne, ban rubuta don ku je ku yi masa rashin kunya ba, ku ci gaba da gaishe shi. Amma kada wani ya gaya muku na huce. Ban huce ba.

Shi ma yayanku ina da magana da shi. Ya tsaya kusa da ni a rumfar nan, ya dafa hannuna, ya ga irin aikin da nake yi da irin wanda ba na yi. Ya yi mini tambaya uku a waya, duka na amsa masa gaskiya, bai yi ta huɗun ba. Na san ciwo ne ya hana shi. Na san kuma ni ban iya kiran ɗan fari in lallashe shi ba, ba a koya mini ba, kuma ko na kira ba ni da abin da zan ce wanda ba zai buɗe abin da aka ba ni in rufe ba. Duk da haka yana da kuɗin mota har Magariya.

Duk daminar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da safe nakan bi ta maƙabarta kafin in buɗe rumfa. Ba na shiga, daga gefe nake dubawa. Wurinta bai lotsa ba. Tsofaffin da na ga ƙafafunsu a ƙarƙashin zana ranar nan duk sun bi ta, kowacce ta tafi da maganar da ta gaya mata, ba a taɓa mata ita ba. Bana ƙafata ta fara kumbura, na je likita, na ga yadda ya dubi takardar ya dube ni. Lokacin da ta yanka mini ya yi. Shi ya sa kuke karanta wannan, ku kaɗai. Kada ku ɗauka uwarku ta ragu. Tana tsoron abin, kuma duk wanda ya aiko ta tafi ta riƙe hannun, ta rufe fuskar, ta dawo ta ɗora tukunya.

Lawali. Ga sunanka na rubuta da hannuna, ban taɓa ba. Ƙiryar ba ta ƙare ba, rabinta na yanka. Sauran suna nan bayan rumfa da ɓawonsu da karkatarsu, kuma nawa ne, kusa da ita nake son a sa ni a rufe ni da abin da aka rufe ta. Hannun Nomau ya fara rawa, nawa ba ya iya ɗaga falle. Duk Dungas ba wanda ya san yadda ake shimfiɗa layin nan a kan katako mai tudu da kwari sai ni da kai. Ni ba na tsoron ƙarar. Ba na son ka yanka ina kwance a ɗaki, mutane sun zagaye ka, wani ya tsaya a bakin rumfa ya tambaye ka abin da aka tambaye ni. Ka zo mu yanka tun ina tsaye, ranar da ba kowa a ƙofar gida, ni in riƙe, kai ka bi layin. Na share yashin. Jiya na ja igiyar gurup, yana tashi.